Furen Tsagin Dutse: Waiwaye kan Tsirran Duwatsun Gwoza

Wanda aka haifa a Yerwa, wato Maiduguri, yana iya yin gemu bai taɓa ganin dutsen da ya fi shi tsawo ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar faifai, daga yashi sai laka, sai inuwar dogonyaro. Shi ya sa ranar da na fara bin hanyar Gwoza, a ƙarshen daminar 2006, bayan mun wuce Konduga da Bama mun doshi Pulka, da na hango wani abu shuɗi-shuɗi ya tokare sararin gabas sai na ce wa abokin tafiyata hadari ya haɗo. Ya ce, "Wane hadari? Ai gidanmu ke nan."

Washegari muka hau. Tun hantsi muke bin wata siririyar hanya da ƙafafu suka goge duwatsunta har suna sheƙi. Dama da hagu gonaki ne hawa-hawa, kowace an tokare ta da jeren duwatsu, wata faɗinta bai wuce tabarma ba, amma dawar da ke cikinta ta fi mutum tsawo. Kusa da gidan kakarsa akwai idon ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse. Na durƙusa zan sha, sai idona ya faɗa kan wani ɗan tsiro a cikin tsagin dutsen. Karansa siriri kamar zare, furensa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, shuɗi mai haske, bakinsa ya rabu biyar kamar 'yar ƙaramar ƙararrawa. Na tambayi tsohuwar sunansa. Ta faɗa mini da yarensu, na maimaita, ta gyara mini, na sake maimaitawa, ta ce yauwa. Akwai biro a aljihuna. Ban rubuta ba, don a ganina dutsen yana nan, tsohuwar tana nan, zan dawo.

Daga baya na kwatanta furen ga wani malamin ilmin tsirrai a nan Maiduguri, ya ce siffar ta yi kama da ta dangin da masana ke kira Wahlenbergia, wani reshe na babban gidan furannin ƙararrawa. Da yawa daga cikinsu 'yan tudu ne, masu son sanyi da raɓa, irin na tsaunukan Kamaru da Mambila. A Turai akwai 'yan'uwansu da doka ta tsaya wa. Wani mai suna Campanula zoysii ba ya fitowa sai a tsagin duwatsun da ke mahaɗar Sulobeniya da Ostiriya da Italiya, kuma dokar kare muhallin halittu ta Tarayyar Turai ta ambace shi da sunansa. Tun ranar nake tambayar kaina, to namu fa, wa ya taɓa kula da su?

Duwatsun Mandara sun miƙe wajen kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Na Gwoza su ne yatsansu na arewa maso yamma, kimanin kilomita 135 daga Maiduguri, tsawonsu ya kai wajen mita 1,300. Wanda ya fi kowane tsawo, Dutsen Upay, yana ɓangaren Kamaru, mita 1,494. Maiduguri kuwa ba ta wuce mita 300 da ɗoriya ba daga doron teku. Wannan tazarar ta mita 1,000 ita ke jawo wa saman dutsen ƙarin ruwan sama da sanyi, har tsirran da ya kamata a ce sai an nausa kudu za a gan su suka sami wurin zama a nan, kamar tsibiri a tsakiyar ƙasar ƙaya. A gangare akwai ararraɓi da kukkuki da tinya, da baure mai cusa saiwarsa cikin dutse har ya tsaga shi. Masana na ganin a da can dajin doka ne ya rufe yawancin tudun.

Baƙon farko da ya rubuta labarin duwatsun nan da Turanci bai je neman fure ba. A watan Afrilun 1823 Manjo Dixon Denham ya tashi daga Kukawa, zamanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, ya bi rundunar Barka Gana da Balarabe Bu Khalum zuwa Mandara. Bayi ake nema. Suka sauka wurin Sarkin Mandara a Mora, suka wuce suka afka wa wani garin Fulani, aka karya su, Bu Khalum ya mutu da kibiya mai dafi, Denham ya tsira da ƙyar ko riga babu a jikinsa. Mai tsinkar ganye a ayarinsu, likita Walter Oudney, bai je wannan tafiya ba, ya kuma rasu kusa da Katagum a watan Janairun 1824. Busassun tsirran da suka tara, wajen iri 300 tun daga Tarabulus, su ne Robert Brown ya yi nazari a kai a 1826. A cikin wannan rubutun ne ya raɗa wa dangin ɗorawa sunan Parkia, don tunawa da Mungo Park. Ke nan ɗorawar fili ta shiga littafin duniya ta hanyar Borno, tsirran dutse kuwa aka bar su a inda suke. Bayan shekara 30 Bajamushe Eduard Vogel, wanda shi kam ya san tsirrai, ya iso Kukawa a 1854, ya je Mandara, Sarki ya tsare shi a Mora, da ƙyar ya kuɓuta. A 1856 aka kashe shi a Wadai.

Haka aka ci gaba. Duk wanda ya doshi dutsen daga fili, wani abu ne ya kawo shi: bayi, ko haraji, ko iyaka, ko mafakar yaƙi. Rabon Turawa ya jefa Gwoza da Dikwa cikin Kamarun Jamus. A yaƙin duniya na farko wani hafsan Jamus, von Raben, ya haye Dutsen Mora da sojojinsa ya ƙi sauka daga 1914 har Fabrairun 1916. A kudu kuwa Hamman Yaji na Madagali ya yi ta kai wa mutanen dutse hari yana kama su, yana sa ana rubuta masa lissafin abin da ya samu, har Ingilishi suka tuɓe shi a 1927. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da ya sa Dughweɗe da Glavda da Guduf da Zalidva da Mafa da sauransu suka riƙe ƙololuwar dutse, inda doki ba ya hawa, suka mai da ita gida ba.

Mu mutanen fili mun daɗe muna raina abin da suka gina a can. Mutumin da ba shi da ƙasar noma sai wadda ya tare da hannunsa a bayan jeren duwatsu ba ya wasa da ko dunƙule ɗaya. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi katangun gona an mayar da duk dutsen da ya zame. Ana kiwon bijimi a cikin ɗaki, ana kai masa ciyawa har shekara biyu ko fiye kafin bikin yanka shi, takinsa kuma a kwashe a kai gona. A wurare da yawa bana dawa, baɗi gero da wake, don ƙasa ta huta, ƙuduji kuma ya rasa wurin kafa gindi. Ga aya, ga tamba, ga riɗi da yakuwa a gefe. Itatuwan da ke cikin gonakin kuwa kowane da dalilin barinsa, kowane da mai shi. Gawo na zubar da ganye da damina ya bar dawa ta sha rana, da rani ya ba awaki abinci. Magarya ana sassabe ta yadda za ta fitar da miƙaƙƙun sanduna na rufin ɗaki. 'Ya'yan maɗaci ana matse mansu. Akwai kuma kurmi-kurmi ƙanana, a bakin idon ruwa ko a kan wani tsauni, da al'ada ta hana a sa musu gatari. Ba don fure aka hana ba, don abin da suka yi imani da shi ne, amma a inuwar wannan hanin ne ƙananan tsirrai masu son laima suka rayu. Wani jami'in mulkin mallaka, Stanhope White, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Bana, ya rubuta maƙala a 1941 kan noman mutanen dutse na masarautar Dikwa, ya nuna cewa abin da ma'aikatan gona ke ta fama su koya wa manoman fili game da zaizayar ƙasa, waɗannan sun riga sun ƙware a kai.

A ɓangaren rubutu, mutumin da ya fi yi wa tsirran Arewa hidima likita ne, John Dalziel, ɗan Sikotlan, wanda ya yi aiki a garuruwan Arewa a farkon ƙarni na 20. Ya riƙa zama da masu magani da mafarauta da makiyaya yana tambayar sunan kowane ganye da amfaninsa. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunansa ne aka liƙa wa ararraɓi, Boswellia dalzielii, kamar yadda sunan doka na Hausa ya zauna daram a cikin Isoberlinia doka. Ina ganin girman aikinsa ƙwarai. Sai dai harsunan da aka fi tattara sunaye da su manyan harsuna ne, Hausa da Fulatanci da Barbarci da makamantansu. Kuma harshen kasuwa ya fi riƙe sunan abin da ake ci, ko ake sha don magani, ko ake sayarwa. Ɗan furen da ba ya shiga miya, sunansa na bakin wanda ke wucewa ta gabansa kullum zuwa ɗiban ruwa.

Hukumar gandun daji ma idonta na fili. Dokar daji ta 1916 ta ba gwamnati da En'e ikon keɓe dazuka, malamin daji ya zama abin tsoro ga mai gatari, amma damuwar ita ce katako da itacen wuta da hamada. A 1928 aka shigo da dogonyaro lardin Borno, ya karɓi ƙasar har ya zama kamar ɗan gida. Duk wanda ya taɓa fakewa a inuwarsa a watan Afrilu a Maiduguri ba zai yi masa butulci ba. A 1935 wani masanin daji, Stebbing, ya ɗaga murya cewa Sahara na tahowa, Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya zagaya iyakar Arewa a 1936 zuwa 1937. A ƙarshen zamanin Turawa aka keɓe Sambisa, daga baya ta zama gandun namun daji, saboda giwaye da gwanki da jiminu. Duwatsun da ke hango Sambisa daga gabas ba su shiga lissafi ba. Abin da aka tanadar musu shi ne shirin sauko da mutanensu fili, wanda aka fara a shekarun 1950, don a ganin hukuma mutumin da ke ƙasa ya fi sauƙin mulka.

Faransawa a bayan dutsen sun yi wani ɗan abu da ya zama ma'auni. A 1932 suka killace wani yanki a gindin Mandara, Mozogo-Gokoro, hekta 1,400 kacal, suka hana sara da wuta da kiwo. A 1968 Kamaru ta mai da shi gandun ƙasa. Ya cika ya rufe har ya zama kurmi mai duhu a tsakiyar ƙasar da ta yi kwal. Ya nuna abin da ƙasar nan ke iya fitarwa in an ɗaga mata ƙafa. Amma shi ma a gindin dutse yake.

Masu hawa dutse don tsirrai sun zo daga baya, sai dai kudu suka nufa. A 1957 Nigel Hepper na lambun Kew da ke Landan ya hau dutsen da aka sa wa sunan Vogel, a tsaunukan Shebshi, ya tattara tsirransa, ya buga sakamakon a 1965. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, wadda ta shigo da Gwoza da Mubi da Mambila cikin Najeriya, da kuma kafa Jihar Arewa maso Gabas a 1967, duk tsaunukan nan daga Maiduguri aka riƙa mulkinsu. A wannan zamanin aka keɓe kurmin Ngel Nyaki a Mambila, a 1969, wani jami'in daji mai suna J. D. Chapman kuma ya daɗe a shekarun 1970 yana bin kurmin tsaunukan da ƙafa yana rubuta itatuwansu. 'Yarsa, Hazel Chapman, ta dawo bayan shekaru ta kafa tashar bincike a Ngel Nyaki, inda 'yan ƙauyen Yelwa ke aikin ƙirga itatuwa da renon dashe, ɗaliban Najeriya kuma ke yin digiri a kai. Wannan abin alfahari ne. Yana kuma nuna cewa aikin ba ya bukatar dukiya mai yawa, mutum ɗaya mai naci da jama'ar wuri masu yarda sun isa a fara. Gwoza ba ta sami nata mai nacin ba.

Sauran shekarun sun wuce da sauri. Farin 1973 da na 1984 suka mai da hankalin kowa kan hamada da Tafkin Chadi. An buɗe Jami'ar Maiduguri a 1975. A 1991 aka kafa gandun ƙasa na Tafkin Chadi, sassansa duk a fili, Chingurmi-Duguma da fadamun Bade-Nguru da Bulatura, aka kuma kafa Gashaka-Gumti a tsaunukan kudu. Samarin dutse suka yi ta sauka neman makaranta da aikin lebura, gonakin can sama suka fara zama kufai. A 1999 ne duniya ta waiwayo, UNESCO ta sa Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, cikin wuraren tarihi na duniya, saboda fadar Hidi, sarkinsu, da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse da gonakin nan masu hawa-hawa. Karo na farko ke nan da wata takarda mai hatimi ta amsa cewa aikin hannun mutanen dutse shi kansa abin kiyayewa ne.

Daga nan sai abin da kowa ya sani. Tun Satumban 2004 wasu masu ɗauke da makamai suka kai hari ofisoshin 'yan sanda na Bama da Gwoza suka haye dutsen. A watan Mayun 2014 aka kashe Sarkin Gwoza, Alhaji Idrissa Timta, a kan hanya. A Agusta garin ya faɗa hannun Boko Haram, sai 27 ga Maris 2015 sojoji suka ƙwato shi. Sukur ma an ƙona ta a ƙarshen 2014. Mutanen dutse suka watse, wasu sansanin Minawao a Kamaru, wasu sansanin Bakassi a nan Maiduguri, wasu Yola da Abuja. Garin Gwoza ya dawo, Pulka ta cika maƙil, an mayar da mutane Ngoshe, amma ƙololuwar dutsen har yanzu ba ta mai noma ba ce.

Na sha jin ana cewa ai tunda mutane sun sauka, daji zai huta ya farfaɗo. Wannan magana na iya zama gaskiya a wani dajin, amma dutsen da hannu ya riƙe ɗaruruwan shekaru dabam yake. Katangar gona in ta shekara biyu ba a gyara ba, ruwa zai sami kafa. Ta ɓalle a wuri ɗaya, ƙasar da ke bayanta ta bi ruwa, ta danne ta ƙasa da ita, ita ma ta ɓalle. Ƙasar da kakanni suka tara da ƙwarya tana iya tafiya a damina kaɗan, in ta tafi kuwa sai falalen dutse. Idon ruwan da gonakin sama ke shayarwa a hankali sai ya riƙa ƙafewa da wuri. A gindin dutsen kuma, inda dubban mutane suka cunkushe a garuruwan da aka kewaye da rami, kowace tukunya na bukatar itace, ba kuma mai iya yin nisa. Mutane nawa aka kashe ko aka sace a wajen neman itacen girki? Don haka duk abin da ke tsaye kusa da gari shi ake sarewa, har kututture. Ba na ganin laifin uwar da ta sare gawo don ta dafa wa 'ya'yanta abinci. A Minawao an gane haka, aka haɗa dashen itatuwa da koya wa mata yin gawayi daga ɓawon gyaɗa da karan hatsi, wurin da ya yi fari fat ya sake yin inuwa.

Ararraɓi kam ba sai an hau dutse ba, yana zuwa har Kasuwar Monday. Za ka gan shi a gaban masu magani, ɓawo ɗauri-ɗauri, bayansa na saɓulewa kamar takarda, cikinsa ja-ja, ana dafa shi don zazzaɓi da ciwon ciki da sanyin ƙashi, ƙaronsa kuma a turara ɗaki da shi, don ɗan'uwan itacen lubban ne. Mai magani na gaskiya gefe ɗaya yake ɓantara ya bar itacen ya warke. Mai sauri, wanda buhu ake biyansa, zagaye shi yake yi, itacen da aka zagaye kuwa ya mutu a tsaye. Abin takaicin shi ne ararraɓi na kamawa in an yanki reshe an dasa, har shinge ake yi da shi. Da rani, sa'ad da ya zubar da ganye, yakan fitar da fararen furanni masu ƙamshi a kan tsiraran rassa.

Mu da ke Yerwa kada mu ɗauka abin ya yi mana nisa. Kogin Yedzaram ruwan gangaren Mandara yake kwasowa, wani ɓangarensa ya malala fadamar Sambisa, daga nan Ngadda ta ɗauka ta zuba a madatsar Alau. Ruwan da ya ɓalle madatsar ya shigo mana gari a daren 10 ga Satumba 2024, ya cinye Fori da Gwange, ya shiga fadar Shehu da kasuwa da gidan zu na Sanda Kyarimi, akwai na dutsen a cikinsa.

Abin da ya rage a hannunmu yanzu shi ne mutanen. Ba a iya hawa da ma'auni da jakar tsinkar ganye, amma waɗanda suka san kowane tsagi na dutsen suna nan tare da mu, a ɗakunan haya da gidajen 'yan'uwa, tun da aka rufe Bakassi a ƙarshen 2021. Ɗalibin da ya iya Glavda ko Dughweɗe ko Guduf, da littafin rubutu da hotunan tsirrai a waya, zai iya zama gaban tsohuwa ɗaya ya tashi da sunaye da lokutan fitowa da wuraren da babu su a Kew, babu su a ma'adanar tsirrai ta Ibadan. Ranar da hanya ta buɗe, wannan littafin ne zai gaya wa mai hawa inda zai duba, ya kuma gane abin da ya ɓace.

Kakar abokina ta rasu a shekarar gudun. Bara na je gaishe da ƙanwarta, wadda ke zaune wurin jikanta a bayan Tashar Bama. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, kusa da ita wani reshen ararraɓi a cikin tsohon bokitin fenti, ya fitar da ganye uku. Bayan mun gaisa na nuna mata hoton wani fure mai kama da wancan a wayata, na ce, "Iya, kin san wannan?" Ta karɓa ta kai kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. Ta ce yana fitowa in dawa ta fara fitar da kai, a wajen ruwan da ke bayan gidan yayarta, awaki ba sa cin sa. Ta faɗi sunan. Wannan karon na rubuta, na karanta mata, ta gyara mini wuri ɗaya.

Har na miƙe zan tafi sai ta ce, "Ɗana, iri biyu ne fa. Akwai wani fari, can sama, inda ba a noma." Na koma na zauna, na buɗe littafin. Ta girgiza kai, ta ce ita ba ta taɓa hawa can ba, kishiyarta ce mai zuwa yankan ciyawar rufi, ita ta san sunansa, kuma a Minawao aka binne ta.